Ranar da Na Juya Masa Faifai

Na ga saƙonninku kuma na gode, har da wadda ta rubuto min cewa, "Kozue, anya kanki ɗaya kuwa? Likita guda yana nemanki, kina ja masa aji saboda mutumin da ko muryarsa ba ki taɓa ji ba." 'Yar'uwa, ban ji haushi ba. Ni ma nakan tsaya gaban madubi in yi wa kaina wannan tambayar, amsar ce dai ba ta zuwa. To ku gyara zama. Yau labarin Alhamis ɗin da ta wuce zan ba ku, ranar da na yi abin da har yanzu in na tuna sai in rufe fuska da hannu biyu.

Don waɗanda yau suka fara shigowa: shekarata ashirin da takwas, ni da Babana muke riƙe da wani ɗan shagon kofi a garin Hakodate na ƙasar Japan, a kan gangaren da ke sauka bakin teku. Kofin dai suna ne kawai. Abin da ke kawo mutane faifan garmaho ne, wajen dubu shida jere a bango, da lasifika biyu da kowacce ta fi ni tsawo. Shekara arba'in da ɗaya Baba yana saka kiɗan jaz a ɗakin nan, kuma dokokinsa ko motsi ba su taɓa yi ba. Ba a magana in allura tana kan faifai. In kofi kake so, ka nuna da yatsa. In akwai faifan da kake son ji, ka rubuta lambarsa a 'yar takarda ka sa a kwanon katako da ke kan kanta. Gefe ɗaya ake saka wa mutum, in ya ƙare a cire a ba na gaba, ko kai ɗan uban wane ne. Kuma ba a tashi a fita a tsakiyar kiɗa. Ka jira ɗan shirun da ke tsakanin wannan da wancan, sannan ka sulale.

A cikin wannan shirun na girma, a cikinsa kuma na je na kamu da son mutum.

Onodera sunansa. Shi ma a ƙasan takardar na gani, da rubutunsa ƙanana masu tsafta. Duk Alhamis da ƙarfe uku yake zuwa, yau shekara biyu da wata uku. Kwat ɗinsa ruwan toka ce, an yi mata faci a gwiwar hannun hagu da zare baƙi, ɗinkin namiji ne, ba sai an gaya min ba. In ya wuce ta gaban kanta ƙamshin itacen da aka fere yake yi, don haka na yanke wa kaina cewa kafinta ne. Kujerarsa ɗaya, ta uku daga taga, inda sautin lasifikun biyu yake haɗuwa. Zai ɗan rusuna min, ya nuna baƙin kofi, ya ajiye takarda. Kuma kullum abu ɗaya ne a jiki: lamba 2318, gefen farko.

Kar ma ku tambaye ni sunan faifan, ba zan faɗa ba, kishi nake yi. Abin da zan iya gaya muku, na shekarun saba'in ne, lokacin da 'yan jaz suka jona kayan kiɗansu da lantarki, tsofaffi suna ta tsaki wai an ɓata musu abu. Kwalinsa ruwan goro ne, da hoton tsani jingine da farin bango, gefunansa duk sun cinye saboda hannu. In na ɗora allura, sai ka fara jin ɗan ƙas-ƙas kamar ana soya ƙwai a gidan maƙwabta. Sai ganga ta shigo a guje, mai jita kuwa ya ƙi shigowa, ya bar ka kana jira har ka fara jin haushinsa. Da ya shigo kuma, wayyo. Ba ya gaggawa mutumin nan. Zai kama sauti ɗaya ya ja shi, ya lanƙwasa shi, ya riƙe har ka ce yanzu igiyar za ta tsinke, sannan ya sake shi a hankali. A kiɗa na biyu akwai wurin da kowa yake yin shiru a bar shi shi kaɗai, har kana jin zamewar yatsunsa a kan igiya. Daidai nan Onodera yake rufe ido, ya kife tafin hannunsa a kan tebur. Ni kuma daidai nan nake samun damar kallonsa son raina, ina goge kofin da na riga na goge sau uku.

Minti ashirin da ɗaya ne gefen farko. Rabona ke nan a mako. In ya ƙare sai ya zauna ya ji na mutum ɗaya ko biyu don ladabi, ya ajiye kuɗinsa cif-cif, ya rusuna, ya tafi. Sauran kwana shidan kuma ina nan ina jiran Alhamis kamar wata marar aikin yi.

To ana cikin haka Gwaggo Tomiko ta shigo da nata shirin. Ƙanwar Baba ce, kuma tun da Mama ta rasu ta naɗa kanta uwata, ba tare da an nemi shawarata ba. Ita ta samo Dokta Mikami, likitan haƙori a birnin Sapporo, ta hanyar wata dattijuwa mai haɗa aure. Sau uku muka haɗu. Ranar farko Gwaggo ta cusa ni cikin wata doguwar riga ruwan hoda mai maɓallan lu'ulu'u, da takalmi mai tsini da ya tsattsage min dunduniya, na fito kamar kek ɗin biki. Kuma kun san ƙa'ida: in an haɗu sau uku, dole a ba mai haɗawa amsa, ko i ko a'a, ba a riƙe ɗan mutane a igiya.

Gaskiya ɗaya ce, Mikami ba shi da aibu. Yana da fara'a, yana buɗe min ƙofa, kuma yana da surutu kamar rediyo. Ga irin saƙonsa:

"Barka da asuba, Kozue! Yau ma aka yi sanyi. Kin karya? Kar ki manta da goge haƙori bayan kofi, kin san halinmu! Na ga wani gida mai ɗaki uku kusa da asibitina, hawa na tara, da kin gani da kin so."

Da na gaya masa aikinmu, dariya ya yi ya ce, "Kai, ashe har yanzu akwai masu wannan wahalar? Ai duk kiɗan duniya yana cikin wayata." Bai faɗa da mugunta ba. Amma na ji kamar an taka min ƙafa.

Alhamis ɗin da ta gabaci wadda nake ba ku labari, Gwaggo ta faɗo shagon da rana tsaka, da jar hularta da jakar hannu mai sarƙa, 2318 yana kan juyawa. Wai raɗa take yi, amma raɗar Gwaggo ana jin ta a tashar jirgin ruwa.

"Ke 'yar nan, me kike nufi da ni ne? Mutanen Sapporo sun kira sau biyu!"

Na ɗora yatsa a baki. Baba, daga kujerarsa ta bayan kanta, ya nuna mata allon da aka rubuta a yi shiru.

"Yaya, ka daina nuna min allon nan, tun ina budurwa nake ganinsa. Shirun nan naka ne zai sa 'yarka ta tsufa a bayan kanta tana wanke kofi. Alhamis mai zuwa, ƙarfe biyar, zan kira matar nan. In ban ji daga bakinki ba, Kozue, zan ce kin amince, in ya so ki kashe ni."

Mutum bakwai ne a ɗakin, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Na saci kallon kujera ta uku. Idonsa a buɗe yake, a daidai wurin da ya saba rufewa, yana kallon kofinsa. Ranar ko na mutum ɗaya bai tsaya ji ba, gefensa na ƙarewa ya tafi.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Na ƙona wa Baba kifi sau biyu. Na sa gishiri a kwanon sukari. Saƙon Gwaggo kuwa kullum sai ya shigo: "Saura kwana huɗu." "Saura uku, kar ki saki reshe ki kama ganye." "Uwarki da tana raye da ta gaya miki abin da nake gaya miki." Wannan na ƙarshen ya sa ni kuka a banɗaki, don ba ni da tabbacin ƙarya take yi.

Ranar Alhamis da safe muna wanke faifai ni da Baba, kamar yadda muka saba kafin a buɗe. Tun bara hannunsa ya fara rawa, don haka ni nake ɗora allura yanzu, shi kuma ya riƙe kwali yana ba ni umarnin da na haddace tun ina 'yar shekara tara.

"Bi layin, kar ki gicciya," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Kin sani, amma jiya kin gicciya."

Na ci gaba da gogewa. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Sapporo ba nisa. Awa huɗu ne a jirgin ƙasa."

"Wa zai ɗora maka allura?"

"In don ni ne, ki tafi. Shago ya yi shekarunsa. Ban haife ki don ki zama hannuna ba." Ya juya kwalin da ke hannunsa, ya hure ƙurar da babu ita. "Amma in don wani abu ne daban, to wannan ba ruwan Tomiko, ba kuma ruwana."

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Ashe tsohon nan duk yana gani! Na ce, "Baba, ni ban san me kake nufi ba."

"Uhm," ya ce. "Shekara biyu kina goge kofi ɗaya duk Alhamis. Ya kusa hujewa."

Na rasa inda zan sa kaina. Don in kawar da zancen na ce, "Wai da gaske ne abin da ake faɗa, kai da Mama?"

Ai kowa a shagon nan ya san labarin, tsofaffin kwastomomi suna ba sababbi shi a bakin ƙofa. Sau ɗaya tak aka taɓa karya dokar gefe ɗaya a ɗakin nan. Mama tana ɗalibar koyon jinya, takan zo ta nemi faifai ɗaya. Wata rana gefenta ya ƙare, ga takardun mutane a kwano suna jira, Baba ya tsallake su duka, ya juya mata faifan ya saka ɗaya gefen. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Bayan wata biyar aka yi biki. Tun daga nan in aka ce "an juya wa wane faifai" a unguwarmu, an san abin da ake nufi.

Baba ya ce, "Da gaske ne. Da ta tashi ta fita, da na rufe shagon na koma kamun kifi." Ya miƙo min kwalin. "Bi layin."

Na hau sama na buɗe kwabata. Rigar hodar Gwaggo tana rataye tana harara ta. Na ture ta gefe, na ɗauko shuɗiyar rigar sanyi ta Mama mai maɓallan katako, na sa baƙin siket, na ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu. Na shafa jan baki, na goge, na sake shafawa kaɗan. Na ɗaure gashina, na kwance, na sake ɗaurewa. Waya ta yi ƙara. Mikami ne: "Yau ce ranar! Ba na so in matsa miki, amma tun safe na kasa riƙe madubin duba haƙori da kyau." Tausayinsa ya kama ni, na kife wayar.

Ƙarfe uku ta yi, bai zo ba. Uku da kwata, shiru. Dusar ƙanƙara ta farko ta bana ta fara sauka, 'yar siririya, tana narkewa a jikin taga. Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai gabana ya faɗi, in ɗago in ga wani tsoho yana kakkaɓe hula. Na ce a raina, shi ke nan Kozue, Gwaggo ta kore miki shi, ki je ki koyi zama a hawa na tara.

Huɗu saura minti ashirin ya shigo. Ya yi aski. Ƙarƙashin tsohuwar kwat ɗin akwai farar riga da aka goge har tana da kari. Ya rusuna, bai yarda mun haɗa ido ba, ya ajiye takarda. Na buɗe, ina cewa yau kam wataƙila ya rubuta wani abu, ko da kalma ɗaya ce.

Lamba 2318, gefen farko. Onodera.

Kamar in kwaɗa masa kwanon a ka! Mutum ya ji da kunnensa cewa yau ƙarfe biyar za a ba da ni, ya je ya yi aski, ya goge riga, sannan ya zo ya rubuta min lamba? Akwai takarda ɗaya a gabansa, na saka wa mai ita, ina kallon agogo yana cin lokacina. Huɗu da minti biyar na zaro faifan daga kwali, na jingina kwalin a kan ɗan katakon da ke nuna abin da ke juyawa, na goge shi, na sauke allura.

Ban taɓa jin gefen farko ya yi gajarta irin ta ranar ba. Mai jita ya shigo, ya ja sautinsa, ya lanƙwasa, ni kuwa ina jin kowane ja a ƙirjina. Ina son mutumin nan, masu karatu. Ina son yadda yake riƙe kofi da hannu biyu, ina son facin kwat ɗinsa, ina son ƙeyarsa da aka aske ta yi fari. Kuma ina kallon allura tana matsawa tsakiya, ina sane da cewa in ta kai, rabona ya ƙare.

Ta kai. Shiru ya sauka. A kwano akwai takardu uku suna jira, ta sama ta Malam Sawada ce, tsohon direban jirgin ruwa da ya fi shekara talatin yana zuwa, har ya gyara zama yana jiran nasa. Na ɗaga allura. Na sa tafukana biyu a gefen faifan na ɗago shi. Kwalinsa yana nan a hannun dama, abin da ya rage in zura shi ciki.

Na juya shi, na mayar, na sauke allura.

Kun san yadda ɗaki yake yin shiru a cikin shiru? Malam Sawada ya cire tabarau ya kalle ni, ya kalli Baba, sannan ya bi idona har kujera ta uku, bakinsa a buɗe. Wata mata da ke kusa da ƙofa ta dafe ƙirji. Baba kuwa ya ƙura wa silin ido kamar yau ya fara ganinsa.

Gefe na biyu kiɗa ɗaya ne dogo, minti goma sha tara ba tsayawa. Jita ce take farawa ita kaɗai, ba ganga ba komai, a hankali, sauti ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakaninsu. Ni na sha jin sa bayan an rufe shago, ina shara, ina cewa wata rana zan ji shi tare da shi. Na ɗago kaina da ƙyar na kalle shi.

Fuskarsa ta yi fari fat. Ya gane. Ya kalle ni ido cikin ido, karo na farko a shekara biyu, leɓɓansa suna motsi. Sai ya miƙe tsaye. Kujera ta yi ƙara a kan katako. Ya ɗauki kwat ɗinsa, ya ajiye kuɗi, ya nufi ƙofa, jita tana tsakiyar kuka.

Ya fita a tsakiyar kiɗa. A gaban kowa.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ba wanda ya yarda ya kalle ni, kuma wannan tausayin ya fi dariya ciwo. Na ji hawaye yana taruwa. Sai kuma wani abu ya taso min wanda ya fi kunya ƙarfi, wato haushi. Ni za a yi wa haka? Na zubar da ajina a gaban tsofaffin da suka san ni tun ina rarrafe, sannan ya tafi ko uffan? Ko a'a ce, sai na ji ta da kunnena. Na wurgar da tsumman hannuna, na bar faifai yana juyawa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na fita da silifas ɗin cikin shago.

Gangaren ya yi santsi, sau biyu ina kusan faɗuwa. Fitilun titi sun fara kamawa. Na hango shi a ƙasa, a wurin jiran taragon cikin gari, tsaye shi kaɗai, kwat a hannu ko sawa bai yi ba.

"Malam Onodera!"

Ya juyo. Na ƙarasa ina haki, gashina ya kwance, ƙafafuna sun jiƙe.

"Ka san abin da ka yi min kuwa? Ka san abin da na yi maka? In ba ka so, ai sai ka zauna kiɗa ya ƙare, ka tafi kamar mutum. Me na yi maka da za ka kunyata ni haka? Ka yi magana mana! Nan ai ba allo, ba doka. Ka yi magana!"

Ya buɗe baki. Haɓarsa ta fara rawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ya runtse, ya dunƙule hannu yana bugun cinyarsa.

"K-k-k... k-ki... ki y-y-yi h-h..." Ya tsaya, ya ja numfashi kamar mai ɗaga buhu. "...h-haƙuri."

Jikina ya yi sanyi. In'ina ce da shi, mai tsanani, irin wadda kalma ɗaya take zame wa mutum dutse. Ni kuma na tsaya a titi ina yi masa ihu ya yi magana.

Ya zaro waya zai rubuta, na sa hannu na rufe fuskar wayar. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Na ce, "A'a. Na gaji da rubutunka. Da bakinka nake so. Ba inda za ni."

Ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya fara, kuma ba zan rubuta muku yadda ya fito ba, don ba abin kallo ba ne, nawa ne. Sau da yawa na san kalmar da yake nema, tana kan harshena, na cije leɓe na bar shi ya kamo ta da kansa. Abin da ya ce shi ne, a duk garin nan shagonmu ne kaɗai wurin da shirunsa ba abin kunya ba ne, inda yake daidai da kowa. Ya ce ba don faifan yake zuwa ba tun bayan watan farko. Ya ce yau ya yi aski ya zo da niyyar magana, ya yi kwana shida yana gwada jimla ɗaya a gaban madubi, da ya iso ƙofa ta gudu ta bar shi, ya zagaya unguwa sau uku. Da na juya faifan, ya san in ya ƙare dole ya buɗe baki a gaban mutane, ni kuma in ji abin da na zaɓa.

"K-kin ji... y-yanzu," ya ce. Gumi ne a goshinsa cikin wannan sanyin. "H-haka... n-ne k-kullum. A g-gaban d-danginki. A w-waya. K-ki je... S-Sapporo."

"Jimlar da ka yi kwana shida kana gwadawa ke nan? In je Sapporo?"

Ya girgiza kai.

"To ita nake so."

Ya sake girgiza kai, idonsa ya cika. Daga nesa na ji ƙararrawar tarago yana tahowa. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na duba, biyar saura minti huɗu. Gwaggo ce: "Waya tana hannuna. In kira in ce i?"

Na juya masa wayar ya karanta. Sannan a gabansa, yatsuna sun ƙage da sanyi, na rubuta: "Gwaggo, ki ce musu a'a. Ki ba Dokta haƙuri, mutumin kirki ne, laifin nawa ne." Na danna. Na ga alamar ta karanta.

"Shi ke nan," na ce. "Ba ni da Sapporo yanzu. Ko ka hau ko kar ka hau, na riga na aika. Ba ciniki nake yi da kai ba."

Taragon ya tsaya, ƙofa ta buɗe, ɗumi da haske suka fito. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala. Zuciyata ta tsinke, amma ban riƙe shi ba, na sa hannuwana a aljihu don kar su ci amanata. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, za ka shiga ne ko kuwa?" Wayata ta fara ruri, sunan Gwaggo yana haskawa, ta katse, ta sake kira.

Ya sauke ƙafarsa. Ƙofa ta rufe, taragon ya ja ya bar mu.

Ya juyo, ya yafa min kwat ɗinsa a kafaɗa, ya tsaya a gabana da farar rigarsa, dusar ƙanƙara tana sauka a kansa. Ya ja dogon numfashi, ya dunƙule hannu, haɓarsa ta fara rawa.

Na kashe wayar gaba ɗaya, na ce, "A hankali. Ina jin ka."